Matakalar Masallacin Maigatari

Da za a ba ni wuta da ruwa isassu, da tuni na mayar da duwatsun Kazaure filin ƙwallo. Haka nake faɗa a kowace majalisa daga Gumel har Gagarawa. Ni ne Hudu Mai Tarazo. Daɓen da na goge, ƙuda ma sai ya yi bismilla kafin ya sauka, don kada santsi ya kwashe shi. Amma akwai wata Alhamis a Maigatari da har gobe ba ta fita raina ba, kuma ku masu koyon sana'ar nan gara ku ji ta daga bakina.

A lokacin tarazo ya fara mutuwa, kowa ya koma tayil. Sai in yi wata ban kunna inji ba. Ana cikin haka Alhaji Ilu, wani babban dillalin shanu, ya gina masallaci a unguwarsu, ya ce shi matakalar dutse yake so. Mu nan ƙasarmu yashi ce, dutse baƙo ne. Daga Kazaure aka ɗauko masa manyan falale guda uku, kowane da doro da gefe kamar an gatsa.

"Malam Hudu," in ji shi, "idan matakalar nan ta yi kyau, daɓen harabar duka naka ne, har da gidan da nake ginawa a Gumel."

Na ce, "Alhaji, sai ka ga fuskarka a ciki ka gyara hula."

Ga yadda aikin yake. Faifan da ake ɗaura wa injin gurza lamba-lamba ne. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, ita ke cin dutse, ta kwashe doro, ta fitar da siffa. Babbar lamba laushi gare ta, ba ta cin komai, sheƙi kawai take sawa. Ana farawa daga mai kaushi a hau a hankali. Wanda ya tsallake, doron zai goge ya yi ƙyalli, ya zauna yana kallonsa har abada.

Wakilin Alhaji a wurin ginin shi ne Sanusi, ɗan ƙaninsa. Ya kawo min kwali cike da faifai masu laushi kamar waina.

"Baba Hudu, ga su. Irin waɗanda na gani a waya ne."

"Ɗana, waɗannan ai ko ƙafata ba za su cire wa kaushi ba. Mai haƙori nake so, wanda in dutse ya gan shi zai fara salati."

Da kaina na je Kano. Na bi shago-shago ina shafa faifai da babban yatsa, har na samu irin mai kama da kwano, haƙoransa manya, tsakaninsu da faɗi don gari ya riƙa fita. Na ajiye masu arhar da haƙoransu ke zubewa tun kafin azahar, na ɗauki mai nauyi.

Na duƙufa. Na kwashe doron, na daidaita fuska, na zagaye bakin kowace matakala don kada ta yanki ƙafar tsoho. Kafaɗuna suka mutu. In na dawo gida matata sai ta tambaya wane ne, don fari fat nake kamar an tsamo ni daga buhun fulawa.

Abin da ba kowa ya sani ba, ranar da aka gama da mai kaushi ita ce ranar da dutse ya fi muni. Ya yi fari, ya yi zane-zane, launinsa ya ɓace. Amma aikin gaske ya ƙare, saura kwalliya.

A daidai wannan rana, ranar kasuwar Maigatari, Alhaji ya shigo da baƙinsa daga Damagaram zai nuna musu abin alfahari. Ɗayansu ya leƙa, ya ce, "Alhaji, kaji ne suka yi tono a kai?" Aka kwashe da dariya. Alhaji bai yi ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, nan gaba kaɗan..."

"Na kawo dutse baƙi mai kyau, ka mayar min da shi kanwa."

Na roƙa a kawo ruwa in zuba ya ga launin na nan. Sanusi ya ce, "Dama na kawo masa na sheƙi, ya ƙi." Kafin la'asar na naɗe wayar injina.

Aka kira wasu daga Kano da riguna iri ɗaya. Na je na tsaya daga gefe. Ogansu ya shafa bakin matakalar, ya dube ni, ya ce a hankali, "Kai ka yi wannan? Wallahi ka hutar da mu."

"To ka gaya wa Alhaji mana."

Ya yi murmushi. "Yaya, ni ma da iyali."

Da faifan Sanusi suka ƙarasa, suna yi suna shan shayi. Harabar ta zama tasu, gidan Gumel ma haka.

Abin da na koya ke nan: ku zaɓi mai kaushi, babu makawa, amma ku tanadi buhunan rufe aiki, kada mai shi ya gani kafin a sa sheƙi. Mai kuɗi sheƙi yake gani, kuma ɗan'uwanka a sana'a ba zai gyara masa gani ba in shirunsa zai kawo masa aiki.

Ranar Juma'ar da aka buɗe masallacin na je. Bayan an idar na tsuguna ina bin bakin matakalar da hannu, inda na zagaye, babu ko tudu ɗaya. Sai na ji an dafa kafaɗata. Alhaji ne, fuska a sake, babu alamar riƙo.

"Malam Hudu, ka ga yadda suka ceto mana dutsen? Shafa da kyau, ko Allah zai sa ka koyi wani abu."