Ragon Mai Kallo Daga Tudu

Ina zaune bakin filin ƙwallonmu a Gidan Rumji, sai ga wani dattijo makiyayi janye da rago.

Lokacin korona ne. An hana taro, ba wasa a gida, ba kuɗin ƙofa. Ni ne ma'ajin kulob, har mun fara maganar sallamar 'yan wasa.

Ya miƙo mini igiyar. "Ku sayar, kada kulob ya mutu."

Na ce, "Baba, ban taɓa ganinka cikin fili ba."

"Daga tudun can nike kallo ina kiwo, ɗana. Ban taɓa biyan ko dala ba. Yau na zo biya."

Wallahi da hannu biyu na karɓi igiyar. Ashe babban masoyinmu bai taɓa shigowa ta ƙofa ba.

Ku fa, wa ya taɓa ɗaure muku kai haka?