Barba Lovre da Batirinsa

Shekara talatin da wani abu Barba Lovre, wato Kawu Lovre kamar yadda muke kiran dattawa, ya yi yana aiki a jirgin fiton da ke kai-kawo tsakanin tsibirinmu da birnin Split. Aikinsa jera motoci a cikin jirgi: ke matsa gaba, kai ja baya, mai jar mota kashe injin. Duk wanda ya taɓa tsallakawa ya san shi, dogo, rana ta gasa masa fuska, da usur rataye a wuya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne Barba Lovre ba ya son mutane. Ba wai yana gaba da wani ba ne, mutane dai a jimlace su ne ba sa yi masa.

"Dinko," yakan ce mini, "ranar da na ajiye usur ɗin nan, in ka sake ganina cikin taro to gawata ake yi wa rakiya."

Da ya yi ritaya sai ya cika alkawari. Yana da gonar zaitun ta gado a bayan tsibiri, a saman wani ɗan lungun teku, inda ba wutar lantarki, ba famfo, ba hanya sai ta tarakta. Gonar inabina ce ke iyaka da ita, shi ya sa duk abin da zan faɗa a kan idona ya faru. Ya sayi tsohon ɗaki mai taya, irin wanda baƙi masu zuwa hutu ke ja da mota, a hannun wani dattijo ɗan Holan da ya gaji da yawo. Fentinsa ya koɗe, cikinsa na warin ruma. Ni na ja masa shi da taraktata, muka ajiye a ƙarƙashin wani ƙaton ɓaure da kakansa ya shuka.

Bazarar farko ban taɓa ganin mutum cikin jin daɗi kamarsa ba. Ya tashi ya yi iyo, ya kama 'yan kifayensa ya gasa, ya zuba musu man zaitun, ya ci da burodi, ya miƙe a inuwa har rana ta yi sanyi. In duhu ya yi ya kunna fitilar gas. Ya yi ƙiba, har ya fara gaishe ni kafin in gaishe shi.

Matarsa Teta Perina, wato Inna Perina, ita ce ba ta ga abin sha'awa ba. Ta zo ta kwana biyu ta ɗaure kayanta.

"Ni na gama zaman duhu tun a ɗakin kakata," in ji ta. "Madara ta tsinke, cuku na gumi, kifin jiya ko kyanwa ta ƙi shi. In kana son mace a wurin nan, tsoho, ka nemo firji. In ba haka ba ka auri ɓauren."

To, Barba Lovre ba ya son mutane, amma Perina ba ya lissafa ta a cikinsu. Mako guda ya yi ba wanda ya yi masa faɗa, sai abinci ya daina yi masa daɗi. Janareta kuwa bai ko yi tunaninsa ba, don ya sha ƙarar inji ta ishe shi har kabari. Saura wutar rana. Ya shiga jirgin da ya rantse ba zai ƙara takawa ba, ya tafi Split, ya dawo da allon sola guda, da ɗan akwatin da ke daidaita caji, da naɗin waya ja da baƙa, da ƙaramin firji. Mai shagon ya ce ya haɗa da batirin da aka yi don wannan aiki, shi kuwa ya ce batir ai batir ne. Ya cire na wata tsohuwar motar ɗaukar kaya da ke ruɓewa a bayan gidansu.

Ranar haɗawa ni ne mai riƙe tsani. Ya hau rufin ya manna allon, ya huda rami don wayar ta shiga, ramin ya faɗo daidai saman matashin Perina. Ya sauko ya tsuguna gaban akwatin yana juya wayoyin nan biyu.

"Barba, ka karanta takardar da ta zo da shi?"

"Da Jamusanci aka rubuta. Kuma ni da na kwana da injin jirgi shekara talatin, waya biyu ce za ta gagare ni?"

Injin jirgin dai bai taɓa kusantarsa ba sai dai ya ji ƙararsa ta ƙarƙashin ƙafa. Ya haɗa. Akwatin ya yi ɗan tsaki, wani siririn hayaƙi ya fito yana wari.

"Ɗumi yake yi," in ji shi.

Ɗumin bai ƙare ba sai da ya sake shiga jirgi ya sayo wani. A wannan karon ya bari mai shagon ya zana masa inda ja take zuwa da inda baƙa take zuwa. Da ƙwan lantarkin da ya rataya ya kama, Barba Lovre ya cire hula ya tsaya yana kallonsa kamar an yi masa haihuwa. Washegari Teta Perina ta dawo da tukwanenta.

Ba a yi kwana uku ba firjin ya fara mutuwa tun kafin rana ta raba. Ya duba waya, ya duba akwati, ya zagi mai shago da danginsa. Ni kuwa na ɗaga kai na nuna masa ganyen ɓauren da ya lulluɓe rufin.

"Barba, abin nan rana yake ci. Kai kuma ka ajiye shi a inuwa mafi kauri a duk tsibirin nan."

Ya daɗe yana kallon bishiyar. Daga nan ya ce in kawo tarakta. Muka ja ɗakin daga ƙarƙashin ɓaure zuwa kan wani falalen dutse inda ko ƙadangare ba ya tsayawa da tsakar rana. Allon ya samu abin da yake so. Ɗakin kuwa ya koma tanda. Firjin, da ya ji zafi, sai ya ninka cin wuta. Perina ta ce ba za ta kwana a ciki ba sai da fanka, fanka ta ce ita ma sai an ba ta abinci, aka sayo allo na biyu. Ana cikin haka batirin motar ya mutu, don ba a halicce shi don irin wannan wahala ba, dole aka kawo wasu guda biyu na gaske, kowanne nauyinsa kamar ɗan maraƙi. Sai kuma Barba Lovre ya lura cewa da yamma inuwar ɓauren na miƙowa har ta taɓa gefen allo ɗaya. Wata safiya na ji ƙarar zarto. Babban reshen da yake kwana a ƙarƙashinsa ne ya sauke.

Teta Perina na zaune a sauran inuwar tana ɓare wake. Ba ta ko ɗaga kai ba.

"Kakanka ya shuka inuwa," ta ce, "jika ya zo ya mai da ita itacen gashin kifi. Allah ya ƙara basira."

A jikin akwatin akwai ɗan gilashi mai nuna ƙarfin batir. Wannan gilashi shi ya zama ubangidan Barba Lovre. In ya farka, shi yake fara gaisarwa kafin matarsa. In lambar ta hau, ranar kowa ya sha dariya. In ta sauka, ko kare ya san ya kauce. Ya kafa doka a kan firji.

"Ki yi tunani kafin ki buɗe. Ki san abin da za ki ɗauka, ki san inda yake, sannan ki buɗe ki rufe."

"To in na manta fa?"

"Ki tuna a waje. Tunani ba ya cin wuta."

Kamun kifi ya tsaya, don da hantsi sai ya karkata allunan su fuskanci rana, da yamma ya sake karkata su. Iyo ma ya ragu, saboda da ya ba da baya tsuntsayen teku ke sauka su yi kashi a kan gilashin, shi kuma yana da yaƙinin da gangan suke yi. Kullum yana kan tsani da tsumma da bokiti. Ƙibar da ya yi duk ta zube.

Shekarar aka yi fari. Inabina ya fara yanƙwanewa, rijiyoyin ruwan sama suka ƙafe, har limamin cocinmu ya kira mu muka zaga gari da addu'ar roƙon ruwa. Na hango Barba Lovre can a baya, Perina ta jawo shi, bakinsa na motsi kaɗan-kaɗan. Da aka watse na tare shi.

"Barba, tsakaninka da Allah, ka roƙi ruwan nan kuwa?"

"Na roƙa mana. Ka ɗauke ni arne?" Ya ɗan waiga. "Na dai ce a yi shi da daddare."

Baƙi kuwa ta teku suka fara zuwa. Masu ƙananan jiragen shaƙatawa kan tsaya a lungun su yi wanka, wani Ba'italiye ya hango ƙyallin allunan ya hauro da matacciyar wayarsa a hannu. Da cewa ya yi a taimaka masa, na tabbata da an kore shi. Amma sai ya nuna allon ya ce, da hannu da ido, wai wannan abin yana aiki kuwa?

Yana aiki kuwa! Barba Lovre ya kama hannun mutumin ya shigar da shi ɗaki, ya nuna masa batir, ya nuna masa gilashi, ya buɗe firji da kansa ya sa shi ya taɓa sanyin. Bai sake shi ba sai da wayar ta cika. Labari ya bazu a tsakanin masu jirage cewa akwai wani tsoho a kan dutse mai ba da caji kyauta, in dai za ka iya jure bayani.

Ƙarshen bazara gobarar daji ta cinye turakun wutar da ke kawo wa garinmu lantarki, aka kwana biyar ko shida cikin duhu. Rana ta biyu na ga ayari ya biyo hanyar tarakta, wasu a ƙafa, wasu a babur. Mai waya, mai tocila, mai injin aski, da tsohuwa Mande da maganin sukarinta da ba ya son zafi. Teta Perina ta ɗora kofi, ta shimfiɗa barguna, wurin ya koma kamar bikin waliyyin gari. Barba Lovre ya shige ɗaki ya yi ta bincike, sai ga shi ya fito da usur.

"Layi ɗaya! Magani a gaba, waya a baya! Kai mai injin aski, ja baya, gemunka ba zai kashe ka ba!"

Da yamma na same shi a kan tsani yana goge allo, muryarsa ta dushe.

"Ka gani ko, Dinko? Sun biyo ni har nan. Mutum ba shi da wurin ɓuya a duniyar nan."

Yana faɗa yana murmushi har kunne. Da aka gyara wutar gari kowa ya koma gidansa, Barba Lovre kuwa kwana biyu ya yi yana ɓata rai.

Da sanyi ya shigo suka koma gidansu na cikin gari. Batiran ba a barinsu a daji su huce, don haka ya ɗoro su a baro, ɗaya bayan ɗaya, har bayansa ya riƙe ya yi mako a kwance. Ya ajiye su a gefen gado, ya sayi abin caji, lokaci-lokaci yana ba su wutar kamfani daga bango don kada su mutu kafin rana ta dawo.

"Wai mun 'yantu daga kamfanin wuta," Perina ta gaya wa matata. "Yanzu mu huɗu yake ciyarwa maimakon biyu."

Haka aka yi shekara uku. A ta huɗu sai ga Zdravko, mijin 'yarsu, ya zo hutu daga Jamus da tsarabar da ya ɗauka za ta faranta wa surukinsa rai: sabon batir mara nauyi, wanda ko yaro zai ɗauka da hannu ɗaya, ba ya son kulawa, ba ya jin haushin fanka. A yini guda ya haɗa komai. Ya sauke allunan daga rufi ya kafa su a kan falalen dutsen, ya ja doguwar waya mai kauri, ya ce in kawo tarakta mu mai da ɗakin ƙarƙashin ɓaure.

"Ai tun farko da haka aka yi, Baba," in ji shi, da zuciya ɗaya. "Allo a rana, ɗaki a inuwa. Waya ce kawai."

Barba Lovre ya dubi wayar, ya dubi kututturen reshen da ya sare, ya ce, "Madalla."

Abin kuwa ya yi aiki, babu abin kushewa. Firji na sanyi dare da rana, Perina na buɗe shi ta tsaya a gabansa tana tunanin duniya. Ta sa an kawo mata talabijin. Gilashin akwatin kullum abu ɗaya yake nunawa, wato a cike. Barba Lovre yakan leƙa shi da safe, ya ɗan ƙwanƙwasa da yatsa ko zai sauka, ya ƙi. Ya gwada komawa kamun kifi ya ce kifayen sun canja hali. Ya gwada kwanciya a inuwa barci ya ƙi zuwa. Sai ka gan shi zaune a kan kujera, hannu a cinya, yana kallon gajimare ba ko tsaki.

Wata safiya ina yi wa inabi aski na ji kukan tayar baro. Barba Lovre ne ke turo shi ta kan iyakar gona, yana haki, da tsofaffin batiran nan biyu a ciki da naɗin waya ja da baƙa. Ya ajiye a ƙofar 'yar bukkar da nake zuba kayan aiki, ya ja da baya yana auna rufinta da ido.

"Barba, lafiya?"

"Rufin nan naka kudu yake kallo. Asara ce a bar shi haka."

"Ai ni ba na kwana a nan. Ba ni da firji, ba ni da fanka, ko ƙwan fitila ba ni da shi."

"Za ka yi," ya ce. Ya nuna zaitun ɗin da ke jingine da bukkar, wanda ya fi duk na gonata 'ya'ya. "Wancan ne dai zai ba mu matsala da yamma. Je ka ɗauko tsani."