Ranar da Rediyo Ta Zagi Kawu Kacalla

Kawu Kacalla shi kaɗai ne mutumin da na taɓa gani yana amsa wa rediyo sallama. Ku da kuka zauna da shi a gindin tsamiyar ƙauyenmu, can bayan Guri, kun san ba ƙarin gishiri nake yi ba. Duk Talata bayan la'asar zai shimfiɗa buzunsa, ya ɗora akwatin a kan turmi, ya gyara hula. Da zarar mai shirin ya ce, "Salamu alaikum, manoma," sai ka ji Kawu da ƙarfi: "Wa alaikumus salam, Malam Bulus! Ya hanya?" In wani ya yi dariya, sai Kawu ya juyo ya galla masa harara. "Mutum ya taso tun daga birni ya yi maka sallama, ka yi masa shiru? Kai wa ya rene ka?"

Yayan mahaifiyata ne. Kakanninsu daga wajen tafkin Cadi suka zo, can sunan nasa ya samo asali. Akwatin kuwa ba nasa ba ne. Ofishin gona ne ya ba wa ƙauye, tun muna cikin jihar Kano, don a riƙa taruwa ana jin shirin manoma da wani malamin gona, Malam Bulus, mutumin kudancin Kaduna, yake gabatarwa: yadda talaka zai rage asara da abin da ke hannunsa. Ba wanda ya zaɓi Kawu ya riƙe akwatin. Ɗauka kawai ya yi, kuma ba a sami mai ƙarfin halin karɓa ba.

Shirin na ƙarewa zai ce, "A sauka lafiya," ya zare batiran nan huɗu ya jera su a kan rumbu su sha rana. Na taɓa roƙonsa, lokacin ina koyarwa a firamarenmu, ya bari mu ji labarai.

"Labaran me?"

"Na duniya mana, Kawu."

"Duniyar ta taɓa gaya maka yadda ake ajiye wake?"

Kada ku ɗauka yarda yake yi da abin da ya ji. Ina! Kome Malam Bulus ya faɗa, amsar Kawu ɗaya ce: "Mun ji, saura gani." Kuma da gaske yake. Da aka ce a cakuɗa wake da toka a toshe bakin tukunya, ƙwari ba za su ci ba, sai ya sami tukwane biyu. Ɗaya ya yi yadda aka ce, ya kira ta tukunyar rediyo. Ɗayar ya zuba wake haka nan yadda ya gada, ya kira ta tukunyar Kacalla. Bayan wata huɗu ya tara mutane a buɗe. Ta rediyo wake garau. Tasa kuwa gari ne da ƙwari, har suna hawa masa hannu. Ya daɗe yana leƙawa, sannan ya ɗago.

"Wa ya bar tukwanen nan kusa da akwati? Ai ƙwarin ma sun ji shirin!"

Daga shekarar nan kowa a ƙauyen da toka yake ajiye wake, Kawu kuma yana bi gida-gida yana duba ko an toshe da kyau, kamar shi ya ƙirƙiro.

To, ana nan sai ciyawar nan ta shigo mana. Kun san ta, doguwa mai kara, ta fi mutum tsawo, tana tsirowa a cikin ruwa ta haɗe kamar zana. Cikin 'yan shekaru ta toshe ƙoramar da ke kawo ruwa daga kogi zuwa fadamarmu. Shinkafa ta ƙi, kifi ya yi nisa, kwalekwale ba ya wucewa. Samari suka fara tafiya cirani ba su dawowa. 'Ya'yan Kawu maza uku, biyu sun riga sun tafi Legas. Saura Modu, kuma Modu ya sayi jaka a kasuwar Hadejia ya rataye a ɗaki. Ya faɗa a gabana: "Baba, in bana ma ruwa bai zo fadama ba, ni ma na bi su." Kawu ya yi kamar bai ji ba. Amma ni na ga ya kasa gama tuwonsa.

Ciyawar nan, ban san wanda ya raɗa mata ba, kacalla ake ce mata. A ƙauyenmu dai ba mai kiran sunan a gaban Kawu. "Abar nan" muke cewa. Malam Bulus kuwa ina ya sani? Wata Talata, bayan an gaisa lafiya lau, sai muka ji: "Manoma, yau a kan babban maƙiyinku za mu yi magana, wato kacalla. Kacalla ke toshe muku ruwa. Kacalla ke jawo muku talauci. Duk inda kuka ga kacalla, ku taru ku sare."

Wani ya cusa hula a baki. Kawu ya miƙa hannu a hankali ya zare batir, ba ko "a sauka lafiya".

"Shekara nawa ina amsa wa mutumin nan sallama?" in ji shi. "Ashe da ni yake."

Ya saka akwatin a rumbu ya rufe. Talata uku ba a ji shiri ba, ga damina na matsowa. Aka aiko dattawa, ya ce sai an ba shi haƙuri a rubuce. Ya kira ni da takarda da biro.

"Rubuta. Daga Kacalla, wanda bai taɓa toshe wa kowa ruwa ba."

"Kawu, ciyawa fa yake nufi."

"Ya ce ciyawa? Kai ka ji ya ce ciyawa? Rubuta!"

Na rubuta, na ba direban motar Hadejia. Ban zaci za a kula ba. Sai ga mutum a kan babur, taɓo har gwiwa, ɗan siriri da tabarau. Ya yi sallama, muryar nan dai da muka sani. Kawu ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne? Na ɗauka kana da jiki."

Malam Bulus ya durƙusa ya gaishe shi. "Baba, ku yi haƙuri, wallahi ban san da ku ba. Ba ni na sa mata suna ba, a bakin mutanenku na ji."

"To ka sake mata."

"Baba, ko na sake, ba za ta buɗe ƙorama ba."

Daga bayan zana sai muryar matar Kawu, Inna Falmata: "Malam, ai ba a yi kuskuren suna ba. Inda ya zauna ba ya tashi, kuma ba ya barin komai ya wuce."

Kai, ranar har mai unguwa sai da ya kwanta don dariya. Kawu bai yi ba. Ya kalli ƙofar ɗakin Modu, ya daɗe, sannan ya ce, "To faɗi, yaya ake kashe ni?"

Malam Bulus ya ce kuskurenmu shi ne muna sara daga sama, ita kuma ta sake tohowa. A cikin ruwa ake yanke ta, a yi ƙasa kamar taƙi guda, ruwa ya rufe bakin karan, ta rasa iska ta ruɓe. Kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne, sai gayya, a kuma maimaita. "Abin da na yi ta faɗa ke nan, Baba, a sati ukun da kuka rufe ni a rumbu."

"Mun ji," in ji Kawu, "saura gani."

Washegari da hantsi tsohon nan, yana neman shekara saba'in, ya naɗe wando ya shiga ƙorama da lauje, ruwa har ƙirji. Ya yanke wani yanki daga sama, wani daga ƙasa, ya kafa kara a tsakani. Ya fito matsattsaku sun manne masa a ƙafa, Inna na faɗa, shi yana cewa su ma baƙi ne. Bayan sati uku na sama ya toho kore shar. Na ƙasa kuwa ruwa ne fili, har ana ganin 'yan kifi.

Shi da kansa ya kira gayya, ya aika ƙauyuka biyu na maƙwabta. Yana tsaye a kan kwalekwale yana daka tsawa: "Ku sare ni daga ƙasa! Kai Audu, sama kake sarana, zan toho!" Kwanaki muka yi a ruwa. Da kogi ya kawo, muna tsaye muka ga ruwa ya bi ƙorama ya malala cikin fadama. Shinkafar shekarar ba ta kai ta da ba, amma an ci, an kuma ajiye iri.

Kawu bai taɓa ce wa Modu "zauna" ba. Ranar da aka gama girbi dai ya leƙa ɗakinsa ya ce, "Jakar nan taka, tunda ba abin da take yi, ba ni in riƙa saka akwati, ƙura na damunsa." Modu ya sauko da ita ya miƙa masa. Yau 'ya'yan Modu ne ke noma fadamar, kuma duk shekara sai an shiga ƙorama da lauje.

Kawu ya rasu da rani, ranar wata Asabar, bayan gajeriyar jinya. Talatar da ta biyo muka fito da akwatin daga jaka, muka ɗora a kan turmi, don ba mu san me za mu yi da la'asar ɗin ba. Malam Bulus ya ce, "Salamu alaikum, manoma." Ba wanda ya amsa. Shekara da shekaru mun bar wa mutum ɗaya wannan aikin, kowa ya zauna yana jiran muryarsa. Can sai muka ji Inna Falmata daga bayan zana, a hankali: "Wa alaikumus salam, Malam. Ba ya nan."

Allah ya jiƙan Kawu Kacalla, ya yafe masa taurin kansa, ya shayar da shi kamar yadda ya buɗe mana ruwa. Amin.