Tabarmar da Muka Kwanta da Illa

Ranar Larabar ƙarshe kafin azumi, shekarar da nake aji uku a lakwal, makarantar boko, malaminmu da muke kira mushe ya sallame mu tun hantsi ya ce kada kowa ya dawo sai an neme shi, ƙyanda ta shigo gari. Mu kuwa murna muka yi, muka bi ta gangaren duwatsu muna 'yar tsere har gida. A ƙauyenmu na wajen Deule bazara ce lokacin wahalar ruwa, don haka na san tulu na jirana, da akuyoyin da zan kai gindin gawo. Ina shiga na tarar da ƙanena Illa kwance a ɗakin kakarmu Inna Tamo, idanunsa jajur, jikinsa zau. Shekarunsa ba su kai na shiga lakwal ba. Babanmu yana bida, neman kuɗi, a Abijan, mahaifiyarmu kuma tana goyo, aka hana ta ko leƙa ɗakin.

Ni aka sa jinya, domin na yi tawa ƙyandar tun ina rarrafe. Inna Tamo mace ce mai gajeren bayani. Ta dube ni ta ce, "Mi kike tsoro? Jikinki ya san ta." Ta kuma sa na riƙa kwanciya da shi tabarma ɗaya, bayana manne da nasa, ko da rana tsaka, wai abin da ya tsare ni zai haye masa. Haka gidanmu ya gada. Aka ɗauke mini daka da ɗibar ruwa, ina jin 'yan uwana suna langa a bayan danga, ni ina fama da zufa da kunun da yake turewa. Gaskiya haushi ya fi tausayi yawa a raina. Da kaluluwa ta fito masa a wuya, Inna ta riƙa ɗumama muciya tana danna ta don ta sace. Kurajen suka feso, tari ya sauka ƙirji, kafin a sami amalanken kai shi likita a Bouza ya cika.

Sai da na yi karatun jinya na gane abin da ke cikin kaluluwar nan da muke dannawa. Wasu ƙwayoyin jini ne ke cafke cutar, su kai guntunta can su nuna wa 'yan uwansu. Waɗanda suka gane ta su yi ta hayayyafa, shi ne kumburin. Daga nan wasu su haɗa abin da zai ɗaure cutar, wasu su kashe inda ta ɓuya, hannu da hannu kamar yadda matan garinmu ke miƙa duwatsu wajen tare zaizayar gona. Aikin yana cin kwanaki. Idan an gama, kaɗan daga cikinsu su zauna da sanin cutar har tsufan mutum. Rabin maganar Inna daidai ne.

Yanzu a Madawa nake aiki. Mata na zuwa da jariransu, allura ɗaya a dantse, jikin yaro ya koyi darasin kafin cutar ta iso. Wata ta yi mitar layi, wata ta ce yaron ya yi zazzaɓi, ni dai na goge dantse na kira ta gaba. Wani lokaci nakan tuna zafin bayan Illa a jikin nawa. Na manne masa iya ƙarfina, amma abin da jikina ya sani bai haye ba.