Baba Tsaf Mai Gyaran Keke

Duk layin babu wanda bai sha faɗan Baba Tsaf ba. Gyaran keke yake yi tun yana saurayi, amma in ka leƙa shagonsa sai ka rantse kantin magani ne. Kowace sifana da ƙusarta a bango, noti a gwangwaninsa, gam da faci a aljihun tebur na hagu. Ka ari filaya ka yar inda ka ga dama, ranar sai kunnenka ya yi zafi. Matarsa kan ce da ana rataye mutum, da tuni ita ma tana da ƙusarta.

'Yarsa malamar Turanci ce, kuma da shi take koyar da kalmar "tidy". Takan ce wa ɗalibai ba shara ba ce, ba wanki ba ne, mayar da kowane abu mazauninsa ne. Wanda bai gane ba, ya je ya taɓa kayan babanta.

Da girma ya kama shi, ido ya fara hazo, daga baya ya rufe ɗungum. Babban ɗansa ya karɓe makullin shago, ya zo da lallashi, wai a bar wa wani wurin, Baba ya huta. Abin ya yi wa tsohon ciwo ƙwarai. Hutun me? Ya zauna a tabarma ana miƙo masa ruwa?

"Kai ni shagon," ya ce. "In na kasa, na haƙura."

Aka zaunar da shi a bencinsa. Wani mai burodi ya turo kekensa, tayar baya a sace. Maƙwabta suka taru, wasu don tausayi, wasu kuwa gulma ce ta kawo su. Baba ya miƙa hannun dama, ko lalube bai yi ba, sai ga sifana a tafinsa, ya ciro ta daga ƙusarta. Ya zaro tub, ya hura, ya kara a kunci har ya ji inda iska ke fita. Ya goge, ya shafa gam, ya manna faci, ya mayar da tub, ya buga iska, ya ɗaure taya tamau.

Mai burodi ya hau ya zaga layin yana kaɗa ƙararrawa, wuri ya kaure da tafi. Ɗan ya durƙusa yana share hawaye.

"Baba, a gafarce ni."

Tsohon ya yi dariya, daɗi fal cikinsa, ya buɗe masa tafin hannu.

"Tashi, ja'iri. Ba ni makullina, wani keken na jira."