Dawar Gwaggo Haulat a Doha

Ghali ɗan Gwaggo Haulat tun yana yaro a Ɓaɓura ba a san shi da son komai ba sai tuwo. An sa shi boko ya gudu. An kai shi koyon ɗinki ya haɗe wa liman ƙafafun wando wuri ɗaya. Amma in aka ajiye malmala a gabansa, nan ne za a ga hazaƙa, don akushin da Ghali ya ci a ciki ba ya bukatar wanki. Tuƙi ne ya karɓe shi daga baya, kuma tuƙin ne ya kai shi Doha, inda yake jan motar 'yan wata makaranta a Madinat Khalifa.

Aikin ba laifi. Cimar ce ta hana shi sakat. Shinkafa da safe, shinkafa da rana, har ya fara rantsuwa in ya yi tari tsaba ce ke fitowa. Ya gwada garin kanti, ya ce wannan ba tuwo ba ne, kunun kanwa ne da ya yi girman kai. Da kukan ya ishi Gwaggo, sai ta auno dawar gonar gida, kaura jawur, ta surfa ta shanya, ta ba wani mai dawowa daga hutu. Ba ta niƙa ba, don an gaya mata mai gari a leda yana shan tambayoyi a filin jirgi.

Ranar da ƙullin ya iso, Ghali ya rungume shi kamar jariri. Sai da dare ya yi tsaki ya tashi zaune. Ina inji? A gida ko makaho ya bi ƙara zai kai kansa wurin niƙa. Nan kuwa ya zaga unguwarsu ta Aziziya lungu-lungu, sai gidaje masu katanga da kantunan waya.

Ya fara da injin markaɗen Wahid, ɗan Bangaladash da suke ɗaki ɗaya. Injin ya yi kuka, ya yi tari, ya saki hayaƙi, ya koma ga Mahaliccinsa. Wahid bai sake amsa sallamarsa ba. Ghali ya ɗebi wani kason ya kai wa mai niƙa kayan yaji a kasuwa. Garin ya fito lukui, amma da aka tuƙa, loma ɗaya ta sa Ghali atishawar da ta tada ƙararrawar gobara.

"Chale, wannan tuwo ne ko maganin mura?" in ji ɗaya abokin ɗakinsa Yussif, mai gadi ɗan zangon Kumasi, yana share hawaye.

Saura kashi ɗaya, kuma ƙwari sun gano shi. Kullum Ghali ya buɗe sai ya tarar sun ƙara aure sun hayayyafa.

Ana cikin haka makaranta ta shirya kai 'yan aji uku wani ɗan gidan tarihi, su ga yadda mutanen dā ke niƙa alkama. Ghali ya tsani irin wannan fita. Yara su yi ta ihu, malamai su yi ta "yalla, yalla", shi kuma a bar shi a mota yana gadin gorunan ruwa. Ran nan dai aka sa shi shigar da katan ɗin ruwa ciki. Yana shiga ya tsaya cak. Ga duwatsu biyu zagayayyu, ɗaya bisa ɗaya, da ɗan sanda a gefe. Jami'ar wurin tana zuba alkama ta rami a tsakiya, yara suna juyawa, gari yana zubowa. Bai jira ƙarshe ba, ya koma mota yana lissafi. Dutse na nan, ga 'yan ƙwadago cike da mota waɗanda iyayensu ma suka biya don a bar su su yi niƙa. Kuma washegari ɗaya ajin zai zo.

Da safe ya bar wa Yussif umarni. "Ka kaɗa kuka, ka sa daddawa kada ka ji tsoro. Man shanu na ƙarƙashin gadona. Yau za ka san abin da ya sa ake haihuwar mutum a Arewa."

A ƙofar gidan tarihin ya tari Malama Ikhlas, 'yar Sudan mai kula da ajin, ya buɗe mata ledar. Larabcin Ghali bai wuce na sayen katin waya ba, sai ya haɗa da hannu. Ya nuna dawa, ya nuna yara, ya juya hannu kamar mai tuƙi. Malama ta dafa ƙirji. Ta ce irin dawar garinsu ce, rabonta da ganinta tun tana budurwa. Ta yi wa jami'ar magana, aka amince.

Yara suka hau niƙa. Ghali, wanda a gida ko taɓarya bai taɓa ɗagawa ba, ya zama sarkin aiki.

"Jannat, juya da kyau! Ba a ba ki abinci ba ne?"

Jannat 'yar wani likita ce ɗan Kano, ita kaɗai ke jin Hausa a ajin. "Kawu, hannuna ya gaji."

"Kakarki da goyo take yi, tana waƙa. Juya!"

Gari ya taru a faranti, ja-ja, ƙamshinsa har ƙeya. Ghali ya fara warware ledarsa. A Ɓaɓura ko a gidan maƙiyinka ka yi niƙa, mai hatsi ke da gari, ba sai an faɗa ba, shi ya sa bai faɗa ba. Sai ya ga jami'ar ta jawo kwali cike da 'yan jakunkunan takarda. Ashe al'adar wurin ce kowane yaro ya tafi gida da abin da ya niƙa. Jiya da ya tsaya minti kaɗan da ya gani.

Kafin ya buɗe baki Malama Ikhlas ta tafa hannu, ta yi jawabi, yara suka juyo gaba ɗaya.

"Me take cewa?" ya tambayi Jannat.

"Wai ka kawo mana kyauta daga ƙasarku. Wai mu ce mun gode."

Suka ce, da ƙarfi, har rufin ya amsa. Ɗan Gwaggo Haulat, wanda aka hora da cewa in an gode maka ba ka tsayawa gyara magana, ya ji bakinsa da kansa yana cewa, "Ba komai, ba komai." Har shi aka miƙa wa cokali ya taya rabo. Yana zubawa yana rage hannu, jami'ar tana cewa ya ƙara.

A hanyar komawa ya leƙa madubi. "Jannat, ki ce wa mamanki ta tuƙa, kada ta bari ya yi gudaji."

"Mu ba ma cin tuwo, Kawu. Daddy ya ce yana sa barci."

Bai gama haɗiye wannan ba wani yaro a baya ya gano cewa in aka hura jakar aka buga, tana fashewa. Kafin su kai sha-tale-tale na gaba motar ta zama hazo. Ya sauke yara jajaye kamar an tono su daga gona, iyaye suna ɗaukar hoto suna dariya. Shugaban direbobi kuwa bai yi dariya ba. Ya leƙa ciki, ya miƙa masa tiyo, ya ce, "Khalas, wanke."

Haka Ghali ya tsaya cikin ranar Doha yana kora dawar Ɓaɓura zuwa magudana, tana bin ruwa tana yin kauri, don kaura ce ta gaske.

Ya isa ɗaki ya tarar ƙamshin miya ya cika bene. Yussif ya ɗora ruwa yana tafasa, ya aro muciya, har ya gayyato Wahid don a shirya.

"Maigida, ina garin?"

Ghali ya kashe wutar ruwan. Ya sauka kantin ƙasa ya sayo gurasar Larabawa, ya yaga, ya tsoma a miyar kuka. Yussif ya buɗe baki.

"In ka yi magana," in ji Ghali, "wallahi sai ka koma Kumasi a ƙafa."