Taron Zaki, Tarin Kurege

Ban wuce shekara goma ba lokacin da Kaka, mahaifiyar Ummarmu, ta zo Alƙahira. Ta rako ɗanta ne neman magani, Kawu Habu, wanda ya daɗe yana aikin haƙar ma'adinin yuraniyam a wani rami can arewa da Agadas, har ƙurar wurin ta cinye masa ƙirji. Babanmu ɗalibi ne a lokacin, muna haya a wani ɗan matsattsen gida a unguwar Ainu Shams. Aka ba Kawu ɗakinmu, ni da ƙanwata Mariyama muka koma kwana a falo.

Lokacin sanyi ne. Da an idar da sallar isha'i tarin Kawu yake tashi, ka ji kamar ana yaga tsohon zane a cikinsa. Sai Kaka ta sungumi murhunta na gawayi ta ce da ni, "Maigidana, ɗauko tabarma mu hau sama, ko sai na kai ƙararka ka bar mata da sanyi?" Mu hau rufin bene, mu raɓa tsakanin shanyar maƙwabta da akurkin tantabarun mai gida. Maƙwabciyarmu Bamisriya kullum sai ta yi mitar hayaƙi yana kama mata kaya. Kaka kuwa kalma ɗaya ta iya a Larabcin garin, "ma'alish", wato ba komai, da ita take gaisuwa, da ita take ba da haƙuri, da ita take faɗa. A lokacin na ɗauka shan iska muke hawa yi. Sai da na girma na gane janye mu take yi daga tarin ɗanta.

Kaka tana da tata hanyar buɗe tatsuniya. Takan ce, "Ga ta nan tafe, ƙafarta duk ƙura." Mu ce, "Ta iso, mu ba ta ruwa." In ta gama kuma sai ta ce, "Ƙurunƙus," ta tsiyaya ruwan buta a kan garwashi, ya yi cuuu, mu naɗe tabarma mu sauka. Kowace tatsuniya haka take ƙarewa, ban da guda ɗaya.

Wai akwai wani gari na namun daji, ɗakunansu duk na ciyawa, jinka tana taɓa jinka. Ran nan Zaki ya samo wani garwashi da ba ya mutuwa, ya zuba a tukunya ya rataye a ƙofar ɗakinsa, ya ce duk wanda ya yi masa kallon banza zai watsa masa. Giwa ta ce ita ma ba a bar ta a baya ba, ta rataye tata tukunyar. Shi ma Kada ya rataye tasa. Garwashin nan kuwa a ƙarƙashin ƙasa yake, kuma Kurege ne mai shiga rami ya tono musu, a sallame shi da 'yar gyaɗa. Tun yana fitowa da ƙarfinsa har ya fara fitowa yana tari.

Ƙananan dabbobi suka ce, jama'a, ran da iska ta kaɗa tukunya ɗaya ai ba ɗakin da zai tsira. Aka kira taro a gindin tsamiya, aka ci aka sha, aka yi jawabai. Aka yanke cewa ƙanana su rantse ba za su taɓa garwashi ba har abada, manya kuma za su kashe nasu baɗi. Ƙanana suka rantse nan take.

Baɗi ta zo. Zaki ya ce ya leƙa, tukunyar Giwa ta fi tasa cika. Giwa ta ce garwashin Zaki ya fi nata manya. Bayan doguwar muhawara suka amince kowa ya barbaɗa toka a kan nasa. Aka yi ta tafi da guɗa. A shekarar ne aka hango hayaƙi a ɗakin Zomo, aka tura masu bincike suka birkice masa ɗaki, suka fasa masa tukunya, ashe ɗan wake yake dafa wa 'ya'yansa. Kurege kuma ya zo taron zai yi magana, tari ya sarƙe shi, Kada ya ce don Allah a fita da shi, yana hana a ji jawabin Zaki.

A nan Kaka take tsayawa. Ta ɗebi toka ta rufe garwashin murhu, ba ta taɓa buta ba.

"Sai me, Kaka?" in ji Mariyama.

"Sai baɗi."

"Ƙurunƙus ɗin fa?" na ce.

"Ba ta kai ba, maigida. Taɓa murhun nan ka ji in toka tana kashe wuta."

Na taɓa, na janye hannu da sauri, ta yi ta yi mini dariya. Haushin tatsuniyar nan nake ji kamar in yi kuka, amma ita nake fara roƙo kullum, ko Allah zai sa yau Zaki ya ji kunya.

Wata rana bayan isha'i sai ga Kawu Habu ya hawo da kansa, yana dafa bango yana hutawa, lulluɓe da bargo. Ya zauna nesa da hayaƙi ya saurara har aka kai wurin toka. Ya yi murmushi ya ce, "Haba Inna, ki ƙarasa wa yaran nan mana. Ki ce an zuba ruwa, Kurege ya warke, shi ke nan."

Kaka ba ta dube shi ba. Ta ce, "Habu, in sa giwa ta yi magana, wannan na iya. Amma in ce sun kashe alhali ba su kashe ba, bakina ba zai ɗauka ba."

Ya juyo wajenmu ya ce, "Ku rabu da ita. Baɗi in na ji sauƙi zan kai ku gida ku ga raƙuman gaske, ba na masu ɗaukar hoto ba." Na ga Kaka ta runtse ido da ya faɗi kalmar "baɗi". Ban san dalili ba a lokacin.

Kawu bai kai ƙarshen sanyin ba. Aka binne shi a nan Masar, ƙasar da ko gaisuwarta bai gama koya ba. Da baƙin gaisuwa suka ragu, Kaka ta sake ɗaukar murhu muka hau sama. Ta hura wuta, ta zauna tana kallonta, ba ta ce ga ta nan tafe ba, mu ma ba mu roƙa ba. Can sai ta jawo buta ta ce, "Ta Kurege ta ƙare. Ƙurunƙus." Ta juye ruwan duka.

Mariyama, da yarinta, ta ce, "Ta Zaki fa?"

"Yana gindin tsamiya, yana jawabi," in ji Kaka.

Yanzu ni ma na yi furfura, ina aikin fassarar labarai zuwa Hausa a wani ofishi a Wustul Balad, tsakiyar Alƙahira. Duk lokacin da aka tashi daga wani babban taro kan makaman nukiliya, sanarwar ƙarshe takan biyo ta teburina. Na san kalmominta kamar yunwar cikina. Masu makaman sun jaddada aniyarsu ta kwance ɗamara. An yi maraba da rage adadi. An ja kunnen waɗanda ba su da shi kada su kuskura su yi sha'awa. An amince a ci gaba da tattaunawa a zama na gaba. Wallahi raina ɓaci yake yi, don ƙanana sun cika rantsuwarsu tun tuni, manya kuma sai ƙara gyara rataya suke yi suna kiran toka da sunan ruwa. Ba wai ina so a raba wa Zomo garwashi ba ne, garin ciyawa ne, mu duka a ciki muke kwana. So nake wanda ya ce zai kashe ya kashe. Kuma a duk shafukan nan ban taɓa cin karo da layi ɗaya a kan wanda ya shiga rami ya tono ba.

Sau da yawa in na zo kan "zama na gaba" sai yatsuna su rubuta "baɗi", in goge, in sa abin da aka ba ni. Kaka ta rasu tuntuni a gida, murhunta yana nan a kicin ɗinmu, 'ya'yana ba su san amfaninsa ba. Na taɓa gwada ba su tatsuniyar, ƙaramar ta ce, "Yalla, maza Baba, ƙarasa mana." Na ce mata ban da ƙarshen. Tun daga wancan sanyin har yau, a duk garin ciyawar nan Kawu Habu kaɗai aka yi wa ƙurunƙus.